Da Tsohuwar Zuma Ake Magani: Yadda Tsohon Lens Yake Aiki a Kan Sabuwar Kyamara

Duk mai bibiyar finafinan Hausa da bidiyon waƙoƙi ya lura da yadda hoto ya canja a 'yan shekarun nan. Fuskar jaruma ta fito tar, bayanta ya narke ya yi dishi-dishi, fitilun titi sun koma kamar ƙwallaye. Da yawa sai ka ji suna cewa ai kyamarar ce mai tsada. Kyamara tana da nata rabon, amma kaso mai yawa na wannan kyan aikin lens ne, wato gilashin da ake ɗaurawa a gaban kyamarar.

Matasan Unguwar Gano da Gyaɗi-Gyaɗi da sauran unguwannin Tarauni suna maƙwabtaka da ofisoshin 'yan fim na titin gidan Zoo, kuma da yawansu sun shiga harkar ɗaukar biki da bidiyon waƙa. Yaro zai yi ta tari har ya sayi kyamara, sai lens ya gagare shi, don wani lens ɗin ya fi kyamarar kanta tsada, ga shi da dala ake shigo da shi. A nan ake fara tambayar: shin tsohon lens na zamanin wankin hoto zai hau sabuwar kyamara? Sau da yawa zai hau. Amma akwai lissafi, wanda bai san shi ba zai iya asarar kuɗinsa, ko ya fasa kyamarar haya, ko ya ɓata wa amarya hoton kamunta da ba za a sake ba.

Daga kaset zuwa kyamara mai canjin lens

Lokacin da ƙungiyar Tumbin Giwa ta fitar da Turmin Danya a 1990, da kyamarar bidiyo mai kaset ake aiki. Irin waɗannan kyamarori na gida lens ɗinsu a manne yake, kuma abin da ke karɓar hoton a ciki ƙarami ne ƙwarai, shi ya sa a tsofaffin finafinai kake ganin jarumi da bangon da ke bayansa da kalandar da ke jikin bangon duk sun fito daidai.

Abin ya sauya a duniya a 2008, da kamfanin Canon ya fitar da 5D Mark II, kyamarar hoto mai babbar sensa da ke ɗaukar bidiyo mai inganci. Sensa ita ce farantin da haske ke sauka a kai, wadda ta maye gurbin fim ɗin wanki. Daga nan ƙannenta masu sauƙin kuɗi irin su 550D da 60D a 2010 da 600D a 2011 suka bazu a hannun masu ƙaramin jari har nan Kano. Tun daga lokacin zancen lens ya zama zancen kowane mai ɗaukar hoto.

Baki da tazara

Abu biyu ne ke yanke hukunci. Na farko shi ne baki, wato zoben da lens ke kamawa a jikin kyamara. Kowane kamfani da irin nasa. Na biyu, wanda ya fi muhimmanci, shi ne tazarar da ke tsakanin bakin da sensa. An ƙera kowane lens ne don ya zauna a wata tazara takamaimai. Ga ta a milimita:

Tsofaffin baki da na kyamarori masu madubi:
Canon FD, na 1971: 42
Minolta MD: 43.5
Canon EF, na 1987: 44
M42 mai murɗi kamar murfin kwalba: 45.46
Pentax K, na 1975: 45.46
Contax da Yashica: 45.5
Olympus OM: 46
Nikon F, na 1959: 46.5
PL na manyan kyamarorin silima: 52

Bakin kyamarori marasa madubi:
Nikon Z, na 2018: 16
Fujifilm X: 17.7
Sony E, na 2010: 18
Micro Four Thirds, na 2008: 19.25
Canon RF, na 2018: 20

Ƙa'idar ɗaya ce: in tazarar lens ta fi ta kyamara tsawo, ana iya cike gurbin da adafta. In ta fi ta gajarta, babu yadda za a tura lens ɗin cikin cikin kyamara. Kyamarori masu madubi, waɗanda ake kira DSLR, dole su bar fili don madubin da ke tashi sama duk sanda aka ɗauki hoto. Marasa madubi sun cire shi, sai tazararsu ta gajarce. Wannan ne ya buɗe wa tsofaffin lens ƙofa.

Wane ne ke hawa kan wane?

In kyamararka marar madubi ce, irin Sony a7 III ko a6400, ko Canon mai bakin RF, ko Panasonic GH5, ko Blackmagic Pocket 4K, to kusan duk tsohon lens da ke jerin farko zai hau. Misali lens mai bakin M42 a kan Sony: cire 18 daga 45.46, adaftar za ta zama mai kaurin milimita 27.46. Ƙarfe ne kawai mai rami, babu gilashi a ciki, don haka ba ta rage ingancin hoto.

In kyamararka Canon ce mai madubi, ko Blackmagic Pocket 6K ta 2019 mai bakin EF, za ka iya ɗaura Nikon F da M42 da Olympus OM da Yashica da siririyar adafta. Amma Canon FD da Minolta MD ba za su yi ba, saboda 42 da 43.5 ba su kai 44 ba. Nan mutane da yawa ke faɗawa rami: sun ga an rubuta Canon a jikin lens, sun ɗauka ai gida ɗaya ne. Ana sayar da adafta mai ɗan gilashi a ciki don gyara wannan, sai dai irin masu arahar suna sa hoto ya yi hazo. In kuma babu gilashin, abin da ke kusa kawai zai fito, na nesa ba zai taɓa saituwa ba.

In Nikon ce mai madubi, zaɓinka ya fi na kowa ƙaranci, domin tazararta ta fi ta yawancin sauran tsawo. Gara ka tsaya a kan lens ɗin Nikon. Ko a nan ma a kula: waɗanda aka ƙera kafin 1977 ba a yi musu gyara ba suna iya lanƙwasa wani ɗan harshe da ke bakin wasu kyamarorin.

Sannan ba a komawa baya. Lens ɗin da aka yi wa RF ko Sony E ko Nikon Z ba zai yi aiki a kan kyamara mai madubi ba. Haka lens ɗin Canon mai alamar EF-S ba ya hawa 5D ko 6D. Wani gargaɗin kuma: wasu lens ɗin M42 gindinsu yana leƙowa ciki in an saita su zuwa nesa, har madubin 5D ya doke su. Kyamarar haya ce a hannunka? Kada ka gwada sai ka tabbatar.

Adafta iri uku

Akwai adafta kurma, wadda ƙarfe ce zalla. Ita ta dace da tsohon lens da ke da zoben fokas da zoben ƙofar haske a jikinsa. Komai da hannu za ka yi. Sai ka shiga saitin kyamara ka ba ta izinin ɗauka ba tare da ta ji lens ba, in ba haka ba wasu ba za su ɗauka ba.

Akwai adafta mai lantarki, wadda ke isar da saƙo tsakanin lens da kyamara. Lens ɗin Canon EF ba shi da zoben ƙofar haske, da lantarki ake buɗe ta a rufe, don haka in ka sa masa kurma zai tsaya a buɗe, ba ka da iko da shi. Adaftar Canon daga EF zuwa RF tana aiki lafiya, kusan kamar ba a sa komai ba. Daga EF zuwa Sony akwai Sigma MC-11 da Metabones da Viltrox, sai dai fokas mai sarrafa kansa yakan yi nawa ko ya riƙa lalube, musamman a bidiyo.

Ta uku ita ce mai tattara haske, wadda Metabones ya fitar a 2013 da sunan Speed Booster. Tana da gilashi da ke matse hoton lens ɗin babbar sensa ya sauka a kan ƙarama. Wadda aka fi sani tana ninka tsawon lens da 0.71, wato 50mm ya koma kusan 35mm, kuma hasken da ke sauka a kan sensa ya ninka biyu. Ga mai ɗaukar dina da dare wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Inda kamfanoni ke rage kuɗin ƙira

Rashin jituwar nan ba duka tsautsayi ba ne. Yawancinsa lissafin kuɗi ne.

A 1987 Canon ya fara barin bakin FD ya koma EF, ya sa injin fokas a cikin kowane lens. Masu tsofaffin lens sun ji haushi, amma kamfanin ya huta da haɗa ƙananan ƙarafa masu motsi tsakanin lens da kyamara, kuma zuwa 2014 ya ƙera lens ɗin EF miliyan 100. Wannan yawan ne ya sa har yau EF ya fi sauƙin samu a kasuwar kayan hannu.

Nikon ya bi wata hanyar, ya riƙe bakinsa na 1959. Amma a 2006 da ya fitar da D40, sai ya cire injin fokas daga jikin kyamarar don ta yi sauƙi da araha, kuma haka ya ci gaba a jerin D3000 da D5000. Sakamakon shi ne lens masu alamar AF da AF-D suna hawa, amma fokas sai da hannu. Adaftar FTZ ta kyamarorin Z ma ba ta da wannan injin. Kamfani ya rage kuɗi a kan kowace kyamara, mai tsohon lens ya biya da guminsa.

A jikin lens ɗin ma haka ne. Na da ana yin su da alminiyam da tagulla, ana haɗa su da hannu, ana sassaƙa lambobin a cika da fenti. Na yanzu masu araha roba ce, wani lokacin har da bakin. Sanannen Canon 50mm f/1.8 na 1990 bakinsa roba ne, sai a 2015 aka dawo masa da na ƙarfe. Da yawa daga cikin sababbin lens kuma zoben fokas ɗinsu ba ya haɗe da gilashin, saƙo yake aika wa inji. Wannan ya sauƙaƙa ƙira, amma mai jan fokas da hannu a lokeshin ba ya jin daɗinsa, don in ka murɗa da sauri ka murɗa a hankali ba lallai ya tsaya wuri ɗaya ba.

Akwai kuma dabarar barin aibu. Maimakon a ƙara gilasai masu tsada don a miƙar da layin da ya lanƙwashe ko a haskaka kusurwoyin da suka yi duhu, sai a bar su, manhajar kyamara ta gyara. Lens ya yi ƙarami ya yi araha, amma in ka ɗaura shi a kan kyamarar da ba ta san shi ba, aibun zai fito fili. Ba a ce duk sabo banza ne ba: kwamfuta ta sa ana ƙera lens masu kaifi da zum masu kyau a farashin da a da ba zai yiwu ba.

Hatta wanda aka bari ya yi wa kyamara lens lissafin kasuwa ne. Sony ya buɗe bayanan bakin E ga wasu kamfanoni tun 2011, shi ya sa Sigma da Tamron da Samyang da Viltrox suka cika kasuwa da masu sauƙin kuɗi. Canon kuwa ya riƙe RF, sai a 2024 Sigma da Tamron suka samu lasisin yi wa ƙananan sensarsa. Kafin ka sayi kyamara, duba farashin lens ɗinta tukuna.

Girman sensa yana canja komai

Babbar sensa girmanta milimita 36 ne da 24, daidai da fim ɗin wanki na da. Tana da tsada saboda daga faranti ɗaya na silikon ake yanko sensa da yawa. In sun yi girma, kaɗan za a samu, kuma ɗigon aibu ɗaya ya isa ya lalata guda sukutum. Shi ya sa aka yi ƙaramar da ake kira APS-C, wadda faɗin filinta bai kai rabin na babbar ba.

Ƙaramar sensa tsakiyar hoton kawai take ɗauka. A Canon ka ninka tsawon lens da 1.6, a Sony da Nikon da 1.5, a Micro Four Thirds da 2. Lens mai 50mm a kan 600D zai nuna maka abin da 80mm ke nunawa a babbar sensa. Wannan ya yi kyau ga fuska, amma in a ɗakin amarya kake ko wani matsattsen falo, za ka ja baya har ka jingina da bango ba ka kwashe mutum uku ba. A irin wannan wuri nemi 28mm ko 24mm, ko ka riƙe 18-55 ɗin da ya zo da kyamarar.

Me ya sa manyan daraktoci ke neman tsoho?

Sababbin kyamarori kaifinsu ya yi yawa, suna tona kowane ƙurji da kowane layin hoda. Tsohon lens yana tausasa fata, yana sassauta baƙi da fari, in haske ya doke shi kuma ya watsa wani irin walƙiya da edita ba ya iya ƙirƙirar irinsa cikin sauƙi.

Stanley Kubrick ya ɗauki wasu fitowa na Barry Lyndon na 1975 da hasken kyandir, da lens ɗin Zeiss da aka ƙera wa hukumar NASA ta Amurka. Quentin Tarantino ya yi The Hateful Eight na 2015 da lens ɗin Panavision da rabon a yi fim da su tun Khartoum na 1966. Zack Snyder ya yi Army of the Dead na 2021 da Canon 50mm f/0.95 na shekarun 1960. Mai ɗaukar hoto Greig Fraser kuwa ya yi amfani da tsofaffin lens na Tarayyar Sobiyet da aka sake wa gida a The Batman na 2022 da Dune kashi na biyu na 2024.

Cikin waɗannan na Sobiyet wanda ya fi suna shi ne Helios 44-2, mai 58mm da f/2 da bakin M42, wanda ke zuwa da kyamarar Zenit. An kwaikwayi ƙirarsa daga Biotar na Carl Zeiss na Jamus, an ƙera miliyoyinsa, shi ya sa bai yi tsada ba. An san shi da sa bayan mutum ya riƙa juyawa kamar guguwa, musamman in akwai ganyen bishiya da rana ke ratsawa. Ga bidiyon waƙar soyayya ya dace. Sauran da suka cancanci nema akwai Takumar na Pentax, Nikkor masu alamar AI, Rokkor na Minolta, Zuiko na Olympus da Yashica ML. In akwai dattijon mai hoto a unguwarku da ya ajiye kayan aikinsa a akwati, je ka gaishe shi cikin ladabi, ka ce Baba ko za a duba mana, kuma ka biya shi abin da ya dace.

Matsalolin da za ka tarar

Fokas da hannu yana son sabo. Mawaƙi yana rawa yana matsowa, kai kana kan f/2, ko ɗan taku ɗaya ya yi ya fita daga saiti. Kunna alamar da ke zana launi a kan abin da ya saitu, ka kuma rufe ƙofar haske zuwa f/2.8 ko f/4. In kyamararka tana da abin hana girgiza a jikinta, sai ka shigar mata da tsawon lens ɗin da hannu.

Sensa tana da sheƙi, ba kamar fim ba, don haka wasu tsofaffin lens kan jefa tabo mai launin shunayya a tsakiyar hoto in an rufe su sosai. Wasu masu faɗin gani kuma kusurwoyinsu kan yi dishi-dishi ko su canja launi. Wasu Takumar 50mm f/1.4 gilashinsu ya yi rawaya saboda sinadarin toriyam da aka sa a ciki, kuma hasken rana yana rage rawayar.

In ka haɗa lens na kamfanoni daban-daban a fim ɗaya, launinsu zai bambanta, edita ya sha wahala. Gara ka tara 'yan gida ɗaya: 28, 50 da 85 ko 135.

Yanayin Kano da gwaji kafin biya

Ƙurar hunturu abokiyar gabar sensa ce, kuma kyamara marar madubi sensarta a buɗe take da zarar ka cire lens. Kashe kyamara, juya bakinta ƙasa, ka canja a cikin ɗaki ko mota. Da damina kuma fumfuna ke kama gilashi. Kada ka kulle lens a jakar da ta jiƙa, ka ajiye shi a mazubi mai murfi tare da 'yan ƙullin nan masu shanye danshi da ke zuwa cikin kwalin takalmi. Zafin bazara yana narkar da tsohon giris ya gangaro kan ganyayen ƙofar haske, don haka kada a bar kaya a mota a rana. Sannan ranar Kano ta fi ƙarfin f/2. In kana ɗauka a firem 25 da shata 1/50, wanda shi ya dace da wutarmu mai 50, sai ka sa gilashin rage haske da ake kira ND a gaba.

Duk wanda ya taɓa sayen waya ta hannu a Farm Centre ya san ba a biya sai an gwada. Haka lens:

Haska fitilar waya ta cikinsa. 'Yar ƙura ba komai, amma zane kamar saƙar gizo-gizo fumfuna ce, hazo kuma yana kashe hoto.
Murɗa zoben fokas daga farko zuwa ƙarshe, ka ji ko yana cijewa ko yana lilo.
Buɗe ƙofar haske ka rufe, ka duba ko akwai mai a jikin ganyayen.
Ɗaura shi da adaftar da za ka yi aiki da ita, ka saita wani abu mai nisa kamar hasumiyar masallaci ko ƙarfen sabis. In bai fito ba, akwai matsala a lens ko a adafta.
Girgiza shi a hankali a kan kyamara. Adaftar da ke motsi za ta sa hoto ya yi tsalle duk sanda ka taɓa fokas.
In lens ɗin mai nauyi ne, a tallafe shi daga ƙasa, kada nauyinsa ya rataya a bakin kyamara.

Wa ya kamata ya saya?

Mai yin bidiyon waƙa, gajeren fim ko shiri mai dogon zango, inda ake iya cewa a sake, tsohon lens zai ba shi hoto mai kyau da kuɗi kaɗan, kuma zai koya masa aikin da hannunsa. Mai ɗaukar biki da taro, inda ango ke shigowa sau ɗaya, ya riƙe lens mai fokas da kansa a matsayin babban makami, ya ajiye tsohon don hoton lalle da kwalliya da zaman amarya. Wanda bai sayi kyamara ba tukuna kuma yana son cin moriyar kayan da, marar madubi ta fi yi masa faɗi. Sayen nagari mayar da kuɗi gida, amma kafin ka miƙa ko naira ɗaya, ka san sunan bakin lens ɗin, ka san na kyamararka, ka cire ƙarama daga babba.